Ranka Ya Daɗe, Sadaka Ba Ta Isa Ba

A daren 3 ga Disamba 2023 wani jirgi maras matuƙi na rundunar sojin ƙasa ya saki bam a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 aka binne, mutanen garin kuwa suka ce abin ya wuce haka. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa sau biyu aka jefa musu, na biyun ya sauka ne a kan waɗanda suka rugo ɗaukar gawa da masu rauni. Ba a yi mako biyu ba sanatoci suka sanar da gudummawarsu: albashin wata guda, naira miliyan 109, miliyan ɗai-ɗai ke nan. Allah Ya ba da lada. Sai dai babu wanda ya bi layi cikin rana ya kaɗa ƙuri'a don a samu masu kai kuɗin zaman makoki. Attajirin unguwa ma yana iya wannan. Abin da attajiri ba ya iyawa, wanda sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki suka damƙa wa majalisa, shi ne ta kira kowa, komai yawan taurarin kafaɗarsa, ta rantsar da shi, ta ce ya ajiye takardu a kan tebur ya amsa tambaya.

To, wace tambaya? Nan ake yin ta. Wanda bai san yadda irin wannan jirgi ke aiki ba, ko an zaunar masa da janar a gaba ba shi da abin cewa sai ta'aziyya. Wanda ya sani kuwa ya san cewa jirgin yana ɗauke da kyamara, kuma abin da kyamarar ta gani ana naɗe shi, don haka zai ce a kawo faifan. Ya san kyamarar dare zafin jiki take gani, mutane su bayyana farare-farare a allo, ba ta bambanta mai carbi da mai harsashi, don haka zai tambayi wane bayani aka samu daga ƙasa kafin a yanke cewa waɗannan 'yan bindiga ne. Ya san mai riƙe da linzamin jirgin yana zaune ne a wani ɗaki nesa da wurin, kuma bisa ƙa'ida ba shi ke da ikon cewa a saki ba, don haka zai nemi sunan wanda ya ba da izini da lokacin da ya bayar, na farko da na biyu. Zai tambayi awa nawa aka horar da matuƙin, da ko rundunar ƙasa da ta sama suna gaya wa juna abin da suka ɗaga sama. A watan Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soji. Jami'ai biyu. Tsarin da ya ɗora su a kujerar, da kuɗin da majalisa ke amincewa da shi kowace shekara don sayen waɗannan jirage, wa zai gurfanar da su?

Fushina ke nan. 'Yan majalisarmu suna sa hannu a kan kuɗi da dokokin na'urorin da ba su san kansu ba, ba su kuma ga dalilin su sani ba. Ba na cewa sai sanata ya zama injiniya. Sashe na 65 ma takardar sakandare ya nema, kuma ban ga laifin hakan ba. Akwai masu takardar sakandare da suka fi masu digiri uku kan gado. Rashin sani ba abin kunya ba ne ranar da aka rantsar da kai. Ya zama abin kunya ne idan ka shekara takwas kana shugabancin kwamiti, shugabannin hukumomi suna zuwa su zuba maka Turanci da hotuna a allo, kana gyaɗa kai, a ƙarshe ka ce su rusuna su tafi.

Da yawa cikinsu idan aka ce saƙago, abin da ke zuwa musu a rai shi ne wata 'yar tsana mai fuskar mutum da ke magana a wurin biki, irin Sophia wadda Saudiyya ta ce ta ba takardar zama 'yar ƙasa a 2017. Wannan wasan yara ne na masu neman a ɗauke su hoto. Saƙago na gaske na'ura ce mai abu uku: tana jin abin da ke kewaye da ita ta kyamara ko wani ma'auni, tana lissafa abin yi, sannan ta motsa ta yi. Mafi yawansu ba su da fuska. Hannu ne na ƙarfe a kafe a ƙasa yana walda, ko amalanke mai tuƙa kansa a cikin sito, ko jirgin da ke sama. Na farkonsu a masana'anta, Unimate, ya fara aiki a 1961 a wani kamfanin motoci na General Motors a jihar New Jersey ta Amurka, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kanmu. Abin da ya kusa sa'a da Najeriya shi ne har yau ake kira mana "fasahar gobe" a jawaban buɗe taro.

Ƙungiyar IFR, wadda ke tattara alƙaluman wannan sana'a a duniya, ta ce a 2023 akwai irin waɗannan na'urori sama da miliyan 4.2 suna aiki a masana'antu. A wannan shekara kaɗai an girka sababbi fiye da 540,000, kuma China ta ɗauke sama da rabi, kimanin 276,000. A Koriya ta Kudu, a shekarar 2023, kowane ma'aikatan masana'anta 10,000 suna da saƙago 1,012 tare da su. Ba sa'a ce ta faɗo wa Koriya ba. Majalisarta ta yi doka sukutum a kan bunƙasa saƙago tun 2008, tana kuma tilasta wa gwamnati fitar da tsari duk shekara biyar. Kamfanin Amazon ya sayi wani ƙaramin kamfanin saƙago mai suna Kiva a 2012 kan dala miliyan 775, zuwa 2025 ya ce na'urorin da ke ɗaukar kaya a sitocinsa sun kai miliyan guda.

Na san amsar da za a ba ni, don ita ake bayarwa kullum: mu da ba mu da wuta, ina mu ina saƙago? Bari a fara ba mu lantarki. Gaskiya ne, ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 tana ta fama da megawat dubu huɗu zuwa biyar, kuma a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Amma laifin wa ne? Waɗanda suka gaza a kan wutar su ne kuma ke kafa hujja da rashinta don kada a tambaye su wani abu. Ban da haka, saƙago ba ya jiran ka shirya kafin ya taɓa aljihunka. Ba sai an girka shi a Sharaɗa ko Bompai ba. Ya isa a girka shi a Guangdong, kayansa su sauka a Kantin Kwari da Sabon Gari a farashin da babu mai ƙira a Kano da zai iya karawa da shi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran na Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Fasa-ƙwauri ya taimaka, tsadar baƙin mai da rashin wuta sun taimaka, amma tsofaffin injunan da aka bari suna gasa da na zamani su ma suna cikin masu laifi, kuma babu kwamitin da ya ga abin yana tafe.

Ga inda ilimin yake da amfani na zahiri, wanda ba a faɗa a wurin biki. Ba kowane aiki saƙago ya iya ba. Walda da fentin jikin mota ya ƙwace su tuntuni, don ƙarfe yana tsayawa inda aka ajiye shi. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ya yi alkawarin kamfanin haɗa motoci da zai ɗauki dubun-dubatar matasa, irin na zamanin da aka buɗe Fijo a Kaduna a 1975, ko dai bai sani ba ko yaudara yake yi. Ɗinki kuwa har yau yana ba saƙago wahala, domin ƙyalle yana lanƙwashewa, yana miƙewa, yana zamewa, sai yatsun mutum. Shi ya sa Bangladash ke riƙe da ma'aikata kusan miliyan huɗu a kamfanonin ɗinkin tufafi. Ɗan majalisar da ya san wannan bambanci ya san wace sana'a ce ƙofarta ke buɗe har yanzu, ya san inda zai tura rangwamen haraji da layin wuta na musamman. Wanda bai sani ba zai raba kekunan ɗinki ɗari biyu a filin makarantar firamare, a buga hotonsa a jikin kowane, rabinsu su koma kasuwa kafin la'asar.

A gona ma haka. A China jirage marasa matuƙa masu feshi sun zama ruwan dare a gonakin shinkafa da auduga, a Japan kuwa an daɗe ana feshin shinkafa da ƙananan jirage masu saukar ungulu da babu kowa a ciki. Manomin Kura ko Kadawa da tsutsar sharon ta cinye masa tumatir a 2016, da na Kebbi da Jigawa da tsuntsayen jan baki ke sauka wa a gona, yaronsa ne ke goya tankin feshi a baya, babu takunkumi babu safar hannu, yana shaƙar guba yini guda. Jirgin feshi zai ɗauke masa wannan. Amma matashin da ya tara kuɗi ya sayi jirgin sai ya samu izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, sai kuma ya samu sahalewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Tsoron ba na banza ba ne, 'yan ISWAP a yankin Tafkin Chadi sun koyi amfani da jiragen da ake saya a kasuwa. To aikin mai yin doka ai shi ne ya raba tsakani: wane nauyi, wane tsayi, wane yanki, wa zai yi rajista a jiha ba sai ya je Abuja ba. Kuma idan iska ta kwashi maganin ciyawa ta zuba a gonar albasar maƙwabci, wa zai biya, mai jirgi ko mai gona? Alƙalin da za a kai wa ƙarar da wace doka zai yi hukunci?

A masana'anta ma tambayar alhaki tana nan. Dokar da ke kula da lafiyar ma'aikata a masana'antunmu ta 1987 ce, zamanin soja. A 1979 hannun saƙago ya kashe wani ma'aikaci a kamfanin Ford a jihar Michigan, kuma irin waɗannan mace-mace ne suka sa ƙasashe suka fitar da ƙa'idojin katange na'ura da makunnin tsayar da ita nan take. A 2018 wata motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata a Tempe, jihar Arizona. Masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a tuhume shi da shi, aka gurfanar da ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba don ta sa ido. Haka abin yake ko'ina: inda doka ba ta fayyace mai alhaki ba, ƙaramin ma'aikacin da ya fi kusa da makunni shi ake miƙa wa. A Amurka ke nan, inda lauyoyi suka fi ƙudan damina yawa. Ka ƙiyasta leburan masana'antun Calawa a Kano.

Sauran fannonin ba sai na tsaya a kansu ba. A yankin Pilbara na Ostareliya manyan motocin ɗaukar tama suna tafiya babu direba, ana lura da su daga birnin Perth mai nisan kilomita sama da dubu. Mu kuma a Yunin 2024 rami ya rufta da masu haƙar ma'adinai a Galadima Kogo ta ƙaramar hukumar Shiroro, aka yi kwanaki ana neman yadda za a kai gare su. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, na'urar da ke bi ta cikinsa ce za ta riƙa gano tsatsa da tsagewa. Nakiyoyin da aka binne a hanyoyin Borno, akwai na'urorin da aka ƙera don kada ɗan wani ne zai durƙusa a kansu da hannu.

Kada a ɗauka ina kira ne a tafi sayayya. Babban amfanin sani ga ɗan majalisa shi ne ya iya cewa a'a. Na'urar tiyata ta da Vinci, wadda Amurka ta amince da ita a 2000, kuɗinta yana kai wa dala miliyan biyu, ban da kuɗin kulawa na shekara-shekara da kayan da ake sauyawa bayan 'yan ayyuka kaɗan. Ranar da wani gwamna zai kawo buƙatar sayenta ga asibitin da mai naƙuda ke zuwa da fitilarta da audugarta, ina son a samu mutum ɗaya a zauren da zai miƙe ya tambayi wa zai yi aiki da ita, wa zai gyara ta, da wace wuta. Wanda aka aika kasuwar shanu ta Wudil bai iya duba haƙori ba, dillali ba zai ƙi sayar masa ba. Tsohuwar saniya zai koro masa a kuɗin karsana, ya kuma raka shi da addu'a. A 2010 aka ba da kwangilar dala miliyan 470, mafi yawanta bashi daga China, don kafa kyamarorin tsaro da hanyar sadarwar 'yan sanda, Abuja da Legas a kan gaba. Mazauna Abuja sun ga turakun a tsaye, sun kuma ga abin da suka tsinana. Majalisar wakilai ta yi bincike bayan an gama kashe kuɗin, bashin kuma yana wuyanmu. Wani ɗan Ingila, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe, har da Nijar, wata na'urar gano bam ta bogi wadda asalinta abin neman ƙwallon golf ce. Sai a 2013 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara goma, bayan mutane sun yi ta mutuwa a shingayen bincike a Bagadaza. Duk wanda ya sa hannu aka sayi wannan abu yana da muƙami da rakiya. Tambaya ce ba shi da ita.

Ku dubi Ghana. Lokacin da gwamnati ta kawo yarjejeniya da kamfanin Zipline don kai jini da magunguna asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa, majalisar dokoki ta yi ta kai ruwa rana. 'Yan adawa suka ce kuɗin ya yi yawa, ƙungiyar likitoci ta ce ba wannan ne ciwon da ya fi damun asibitoci ba. A Disamban 2018 aka kaɗa ƙuri'a, 102 suka amince, 58 suka ƙi, aka buɗe cibiyar farko a Omenako a Afrilun 2019. Ba ina cewa masu rinjaye ne ke da gaskiya ba, kuma siyasar jam'iyya ta shiga ciki sosai. Amma an yi gardama a fili, a kan farashi da amfani, kowa ya san inda wakilinsa ya tsaya. Kamfanin nan ya fara aiki a jihar Kaduna a 2022 daga Pambegua. Mai karatu, in kai ɗan jihar ne, tambayi ɗan majalisarka na jiha nawa ake biya a kan kowane tashi, da asibiti nawa ke amfana. Ka lura da fuskarsa.

Ba wai 'yan majalisar Turawa da na Asiya an haife su da wannan ilimi ba ne. A 2018 ministan Japan mai kula da tsaron intanet, Yoshitaka Sakurada, ya faɗa wa majalisa da bakinsa cewa ba ya amfani da kwamfuta. A shekarar ce kuma Sanata Orrin Hatch na Amurka ya tambayi mai kamfanin Facebook yadda yake samun kuɗi alhali ba a biyansa, duniya ta yi ta dariya. Bambancin shi ne wasu majalisun sun yarda ba su sani ba, sai suka gina wa kansu inda za su riƙa tambaya. Majalisar Amurka ta kafa ofishin tantance fasaha na kanta a 1972, wanda ba ya ƙarƙashin shugaban ƙasa kuma ba ya cin abincin kamfanoni. Ya fitar da rahotanni kusan 750, ciki har da na 1984 a kan yadda na'urori masu sarrafa kansu za su shafi ayyukan yi da ilimi. A 1995 'yan Rifablikan ƙarƙashin Newt Gingrich suka yanke masa kuɗi da sunan tsimi, kuma har yau akwai masu cizon yatsa. Majalisar Birtaniya ta kafa nata a 1989, yana nan yana aiki, kuma abin da ya fi shahara da shi takarda ce mai shafi huɗu: ga abin, ga yadda yake aiki, ga inda masana suka yi saɓani, ga abin da ya rage gare ku. Jamus ta bi sahu a 1990.

A kan saƙago kansa, wasu 'yan majalisar wakilan Amurka daga jam'iyyun biyu, Mike Doyle da Zach Wamp, sun kafa zaure na musamman a 2007, inda ake kawo malaman jami'a da masu ƙira su yi wa 'yan majalisa da hadimansu bayani. A 2009 masana suka gabatar wa zauren taswirar inda ya kamata ƙasar ta dosa, a 2011 Shugaba Obama ya je jami'ar Carnegie Mellon a Pittsburgh ya ƙaddamar da shirin ƙasa na saƙago. Shekara huɗu daga zama a saurara zuwa kasafin kuɗi. Wannan tsari yana da nasa aibin, don masu sayar da kaya suna da baki a ciki, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. Shi ya sa na fi son irin na Birtaniya.

Mu fa? Idan aka ce a ilmantar da 'yan majalisa, kowa ya san fassarar: taron bita na kwana uku a Dubai ko Kigali, kuɗin guzuri da dala, jakar hannu mai tambari, hoto a gaban otal, a dawo. Sau da yawa ma kamfanin da ke neman kwangila shi ke ɗaukar nauyin tafiyar, shi ke kawo malamin. Wannan ba karatu ba ne, toshiyar baki ce da aka yi wa rawani. Sakamakon kuwa mun gan shi a Yulin 2021, lokacin da majalisar dattawa ta yi ƙuri'a, 52 da 28, cewa hukumar zaɓe ba za ta aika sakamako ta intanet ba sai hukumar sadarwa ta tabbatar da akwai sabis kuma majalisa ta amince. Sai da jama'a suka yi ca kafin su janye a watan Oktoba. Wasu sun yi hakan ne da sani, don maguɗi ya fi sauƙi a takarda. Amma masu sanin sun samu yadda suke so ne domin sauran ba su da abin da za su mayar musu da shi.

Kuma kada wani ya ce babu kuɗi. A 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, aka saya wa 'yan majalisar wakilai 360 motocin alfarma waɗanda aka ruwaito kowace ta kai kimanin naira miliyan 160, jimla sama da biliyan 57, da hujjar cewa hanyoyin mazaɓunsu ba su da kyau. Marigayi Shugaba Buhari da kansa ya ce a 2019 an ware naira tiriliyan guda ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Kuɗin motoci goma daga cikin waɗancan ya isa a ɗauki injiniyoyi, likitoci, masana noma da lauyoyi na dindindin, a ba su ofis a harabar majalisa.

Kada kuma a ce babu masana. Gwamnati da kanta ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da saƙago a Abuja a 2020 ƙarƙashin hukumar NITDA, tafiyar mintuna daga zauren majalisa. Jami'ar Bayero ta Kano da jami'ar fasaha ta Minna suna da sassan da ke yaye injiniyoyin wannan fanni, da yawansu suna gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko suna neman biza. Rundunar sojin sama ta ƙaddamar da jirginta maras matuƙi, Tsaigumi, a Kaduna tun Fabrairun 2018. Majalisar ma tana da cibiyarta ta nazarin dokoki da dimokuraɗiyya. Kayan haɗin duk suna nan. Abin da babu shi ne sanatan da zai yarda ya zauna a kujerar ɗalibi a gaban yarinya 'yar shekara ashirin da takwas da ta fi shi sani, ba tare da ya ce a fara gaishe shi da laƙabinsa bakwai ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Libiya, na Maris 2021, ya ambaci jiragen Kargu-2 ƙirar Turkiyya waɗanda aka tsara su kai hari ba tare da sai suna haɗe da mai sarrafa su ba, kuma ya ce an yi amfani da su a kan dakarun madugun yaƙi Haftar da ke ja da baya a 2020. Libiya ce, mai iyaka da Nijar, hanyar da makaman bayan Gaddafi suka bi suka iso mana. A Disamban 2023 ƙasashe 152 suka amince da ƙudirin farko na babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a kan makamai masu zaɓen wanda za su kashe da kansu. Dillalan irin waɗannan makamai za su zo Abuja, in ma ba su riga sun zo ba, kuma buƙatar za ta shigo cikin kasafin tsaro a layi ɗaya mai suna "kayan aiki".

Abin da nake nema ƙudiri ne guda, ba mai tsawo ba. A kafa ofishin kimiyya da fasaha na majalisar tarayya, da kasafinsa a rubuce, ma'aikatansa a ɗauke su ta jarrabawa ba ta takardar sanata ba, a kuma haramta masa karɓar ko kwabo daga kamfani. Duk kwangila ko bashin sayen na'ura da ya wuce wani adadi, kada kwamiti ya zauna a kansa sai ofishin ya ba da takardarsa, a kuma wallafa ta da Turanci, Hausa, Yarabanci da Ibo, a karanta a rediyo, yadda mai shayi a Funtuwa zai ji abin da aka gaya wa wakilinsa kafin ya ɗaga hannu. Majalisun jihohi su riƙa karɓar kwafi kyauta. Shugaban kwamitin tsaro, na noma, na lafiya, na ƙwadago da na masana'antu kuwa, a wajabta musu zaman bayani kafin kare kasafi, a nan Abuja, babu guzuri, a kuma buga sunayen waɗanda suka zo da waɗanda suka turo direba ya sa musu hannu.